Ƙafar da ta daina jin zafi ita ce abin tsoro

Jama'a, a al'adarmu idan marar lafiya bai yi kuka ba sai mu ce da sauƙi. To, akwai ciwon da wannan lissafi ke jawo asarar ƙafa.

Mutumin da ya daɗe da ciwon sukari, jijiyoyin ƙafarsa na mutuwa sannu a hankali. Da fari sai ya ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, ko zugi kamar an shafa barkono, musamman da dare. Daga baya ya daina jin komi. Ƙaya ta soke shi a gona, ya taka garwashi kusa da murhu, tsakuwa ta wuni cikin takalminsa, duk bai sani ba. Sai ƙafa ta kumbura ta fara wari sannan a kwashe shi zuwa babban asibitin Damagaram, ko Galmi, ko Yamai, can a ce sai an yanke.

Shi ya sa muke cewa: duk mai ciwon sukari da ya shiga gidan likita, kada a sallame shi da takardar magani kawai. A ce masa ya cire takalmi. Ma'aikacin jinya ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya taɓa ya ji ko akwai zafi ko kumburi, sannan ya gwada ji. Akwai wani ɗan zaren roba da ake danna wa da nauyin giram 10, marar lafiya ya rufe ido ya faɗi inda aka taɓa. In babu zaren, yatsan hannu ya isa: a taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa. Wanda ya kasa jin biyu ko fiye, ƙafarsa na cikin haɗari. Wannan bai cin ko dala.

Haka zancen yake ga kuturta. Tabon fata mai haske da bai jin taɓin auduga alama ce da bai kamata ta wuce ma'aikacin jinya ba. Maganin kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma cibiyar Danja kusa da Maradi ta daɗe tana wannan aiki. Yawancin yatsun da ake rasawa, ƙuna da raunukan da mutum bai ji ba ne ke cinye su.

Za a ce mana majo guda ne a CSI, ga layi har bakin ƙofa. Wallahi mun sani, kuma ba mu raina wahalarsu ba. Amma a auna: minti uku na duba ƙafa, da watanni ana wanke gyambo ana ɗaurewa, wanne ya fi cin lokaci? Wanne ya fi cin jikkunan iyali?

Kuma ba ƙafa kaɗai ba. Yaron da sanƙarau ya bar shi da kurunta, ko tsohuwar da yana ta rufe mata ido, sau tari ana ɗora musu laifin taurin kai don sun sha magani ba daidai ba. Alhali ba su ji bayanin ba ne, ko ba su bambance ƙwayoyin. Tsawa ba ta gyara wannan. A fuskanci mutum cikin haske, a yi magana a tsanake, a sa shi ya maimaita yadda zai sha, a kira ɗan rakiyarsa ya ji. Sannan a rubuta a karnensa cewa bai ji sosai ko bai gani sosai, don na gaba ya sani.

Mu ma a gida akwai rabonmu. A duba ƙafar Baba kowane marece. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. A goge tsakanin yatsu bayan alwala. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, lokacin ɗari kuma a nisanta ƙafa da kaskon wuta. Kanta kada a sa mata reza. In an ga ɗan ciwo ko bororo, a tafi likita ranar, kada a jira ya yi zafi, don ba zai yi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu.