Wa Ke Duba Maganin Da 'Ya'yanmu Ke Sha?

A Illela, kafin maras lafiya ya ga likita, galibi ya riga ya ga mai kemis, ko kuwa mai tallar magani a kasuwa. Duk mun san su: kwalaye jibge a baro, rana na dukansu tun hantsi har la'asar, ana ƙirga ƙwaya da launi, ja biyu, fara ɗaya. Can iyalanmu ke zuwa idan wata ya yi nisa, can kuma iyayen ɗalibanmu ke zuwa kullum. Yaron da ya yi mako biyu bai zo aji ba saboda zazzaɓin da ya ƙi jin magani, mu ne muke rubuta masa fashi a rajista, don haka wannan magana tamu ce.

Ba doka aka rasa ba. Tun 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin kula da ingancin abinci da magunguna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, sai ya mallaki takardar shaidar inganci. A 2022 kuma aka sabunta dokar majalisar masu harhaɗa magunguna, wadda lasisin masu kemis ke hannunta. A takarda an gama komai. Abin da muke tambaya shi ne ƙafar mai dubawa: sau nawa take taka Illela, ballantana ƙauyukan da ke kewaye da ita?

Mu tuna da abin da ya faru a 2008, lokacin da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80 a ƙasar nan, saboda wani sinadari mai guba da ke lalata ƙoda. A Legas aka yi shi, cikin kwalba mai kyan gani. A 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Idan haka ta faru da maganin da ya biyo ta ƙofa, ina ga wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya a bayan babur?

Mu mazauna bakin iyaka ne. Tsakaninmu da Birnin Konni akwai aure da zumunci da ciniki, maras lafiya da magani duk suna ƙetarawa ta kowane ɓangare. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Mun ga yadda abinci ya yi tsada, amma ba mu ga baron magani ya ɓace ba. Rufe ƙofa daban, duba kaya daban.

Ba kuma samame muke nema ba, irin wanda ake zuwa da 'yan jarida a garƙame shaguna, bayan kwana uku kowa ya buɗe. Mai kemis ba abokin gaba ba ne. Sau da yawa fitilarsa kaɗai ke kunne da tsakar dare. A horar da shi, a fayyace masa abin da bai kamata ya sayar ba, a riƙa zuwa masa a kai a kai. A kuma liƙa sunayen masu lasisi a sakatariyar ƙaramar hukuma, yadda mai saye zai san inda ya sa ƙafa. Haka nan asibitocin matakin farko: dokar 2014 ta ware musu asusu na aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Wanda ya karɓi wani abu daga ciki, a rubuta a bango nawa ya shigo, me aka saya.

Namu aikin yana cikin aji. Ɗan aji shida zai iya koyon karanta ranar ƙarewar wa'adin magani da lambar NAFDAC cikin darasi ɗaya, kuma a gidaje da dama shi ne mai karanta wa kowa. Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, su kuma rubuta wa ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato a nemi wa malamai kujera a kwamitin lafiya na kowace mazaɓa.