Kafin Ka Canja Ƙwaƙwalwar Kwamfutarka, Zauna Ka Yi Lissafi



Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga taron zumunta, wani ɗanmu ya tare mu a bakin majami'a da tambayar da ba a koya mana amsarta a makarantar tauhidi ba. Yana karatu a jami'ar Wudil, yana da kwamfuta irin ta tebur da ya saya ta hannu. Da ita yake buga wa 'yan ajinsu takardu, da ita kuma yake wasan ƙwallo idan ya gaji da karatu. Ya ce, "Baba Pasto, wasan ya fara sarƙewa. Abokaina sun ce furosesa ce ta tsufa, in je Kano in sayo sabuwa. Me kuka gani?" Muka ce, "Ɗana, da wane kuɗi?" Ya sunkuyar da kai. Ashe buhu biyu na riɗi da ya noma nan Balan, waɗanda aka ajiye domin kuɗin makaranta na zango mai zuwa, su yake so ya kai kasuwa.

Mun san ba shi kaɗai ba ne. Wasu kwamfuta ce ke damunsu, wasu kuma waya, amma tambayar ɗaya ce. Saboda haka muka zauna da waɗanda suka san aikin gyara a cikinmu, muka yi tambayoyi, ga kuma matsayinmu. Ba mu ɗauki wasan kwamfuta zunubi ba, kamar yadda ba mu ɗauki dara ko langa zunubi ba. Amma mun gaskata cewa yawancin masu ɗokin canja furosesa ba su da buƙatar canja ta yanzu. Lokacin canji yana yi ne idan abubuwa uku sun cika: ka tabbatar ita ce matsalar, ka san dukan kuɗin da aikin zai ci, kuma kuɗin naka ne da babu wani hakki a kansu.

Abu na farko: ka tabbatar ita ce matsalar

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikin wasa, ita ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗa da yadda kowane ɗan wasa zai motsa. Amma ba ita ke zana hoton da kake gani ba. Wannan aikin katin hoto ne. Su biyun kamar shanun huɗa suke a garma ɗaya. Idan sa ɗaya ya rame, ko ka ɗaura ɗayan da ya fi kowane sa ƙarfi a ƙasar Gaya, garmar ba za ta wuce saurin ramammen ba. Manomin kirki yakan duba wanne ne ya gaza kafin ya nufi kara.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka kunna wasan, ka buɗe Task Manager a cikin Windows, ka duba yadda kowanne ke aiki. Idan katin hoto yana kusa da kashi 100 cikin 100, shi ne ya kai iyakarsa, sabuwar furosesa ba za ta ƙara maka wani abin kirki ba. Idan kuwa katin yana hutawa wajen kashi 50 ko 60 alhali wasan na sarƙewa, to, akwai dalilin zargin furosesa. Gwaji na biyu shi ne ka rage kyawun hoton a cikin saitin wasan. In wasan ya saki, laifin katin hoto ne. In babu abin da ya canja, sai a waiwayi furosesa. Ku sani kuma cewa yawancin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu ba su da katin hoto na daban sam, domin ba don wasa aka ƙera su ba.

Akwai kuma masu laifi guda uku da ake yawan ɗora wa furosesa laifinsu. Na ɗaya zafi ne da ƙura. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yakan kai maki 40, hunturu kuma yakan cika fanka da ƙura. Furosesa idan ta yi zafi ta doshi maki 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Hure ƙura da sabunta man da ake shafawa tsakaninta da abin sanyayawa sukan dawo mata da ƙarfinta. Na biyu ƙarancin RAM ne da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Ɗaga RAM daga giga 8 zuwa 16, musamman idan sanda biyu ne maimakon ɗaya, da sa SSD, sau da yawa sun fi sabuwar furosesa amfani, kuma sun fi ta araha nesa ba kusa ba. Na uku intanet ne. Idan kana wasa da wani a wani gari, sabis yana zuwa yana ɗaukewa kamar yadda muka saba a ƙauyukanmu, babu furosesar da za ta gyara wannan ko da daga Amurka aka kawo ta jiya.

Tarihin baka ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka tashi neman tama. Jikokin maƙera bai kamata su manta da hikimar maƙera ba. Idan ƙota ce ta karye, ba a zubar da ruwan fartanya.

Abu na biyu: ka san dukan kuɗin da aikin zai ci

Ubangijinmu ya yi magana a Luka 14:28-30 a kan mai gini da ya sa harsashi bai yi lissafi ba, aikin ya tsaya, ya zama abin dariya. A harkar kwamfuta wannan yana faruwa kullum, domin furosesa ba ta shiga kowane gida. Tana zama ne a wani gurbi a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, kuma kowane gurbi da irin nasa.

Ga misali. Kamfanin AMD ya fito da gurbin AM4 a shekarar 2016, ya kuma daɗe yana yi masa furosesa. Don haka mai allon AM4 da tsohuwar Ryzen a kai, sau da yawa yana iya sa Ryzen 5 5600 bayan an sabunta manhajar allon, ba tare da ya canja komai ba. Wannan canji ne mai ma'ana. Amma gurbin AM5 da ya fito a 2022 ba ya karɓar tsohuwar furosesa, ba ya kuma karɓar tsohon RAM, sai DDR5. Wanda ya je sayen abu ɗaya sai ya tarar dole ya sayi uku. A ɓangaren Intel ma akwai tarko. Furosesa ta zubi na 6 da na 7 da ta zubi na 8 da na 9 duk gurbinsu sunansa LGA1151, amma allon da aka yi wa na farkon ba ya ɗaukar na bayan. Za ta zauna daram, kwamfutar kuma ta ƙi tashi. Masu laftof kuwa, ku huta da wannan tunani, domin a yawancin laftof na zamani an liƙe furosesa da dalma a jikin allo, ba a cire ta. Haka ma waya.

Sai kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Furosesa mai ƙarfi takan buƙaci babban abin sanyayawa, wani lokaci har da sabon akwatin wuta. Cajar laftof ta ofis tana jan wat 45 zuwa 65, amma kwamfutar wasa mai katin hoto tana iya jan wat 300 ko fiye. A nan inda yawancinmu da janareta ko sola muke dogara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kun tuna cewa kafin a cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kayan kwamfuta kuma da dala ake shigo da su. Dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yuni 2023, ta wuce naira 1,500 a Fabrairu 2024. Mai yin bidiyo a YouTube da ke cewa wannan furosesa "araha ce", da albashin ƙasarsa yake auna ta. Mu a nan mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne a wata.

Kada kuma ku ɗauka sabo shi ne mafi lafiya. A watan Yuli na 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesocinta na tebur na zubi na 13 da na 14 suna da matsalar da ke sa su tangal-tangal, har ta ƙara musu garanti na shekara biyu. Waɗanda suka yi haƙuri da tsohuwarsu ba su shiga wannan wahala ba. Idan kuma ta hannu za ka saya, a Farm Centre ne ko a titin Beirut, ka tafi da kwamfutarka ko da wanda ya san aikin, a sa a gwada a gabanka. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Abu na uku: kuɗin naka ne, kuma babu hakki a kansu

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye a matsayin masu kiwo. Kuɗin makaranta ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai gumin mahaifiyar da ta yi shara da sussuka a ciki, akwai ƙanen da aka ce ya jira baɗi. Jarin sana'a ma haka yake. Bashi kuwa ya fi muni. Karin Magana 22:7 ta nuna mana cewa mai cin bashi yakan koma ƙarƙashin ikon wanda ya ba shi, kuma mun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suke aika saƙon cin mutunci ga dukan lambobin da ke wayar mutum. Darajar furosesa tana sauka kowace shekara, ruwan bashi kuwa hawa yake yi. Wanda kuma ya ce zai samo kuɗin ta hanyar cacar ƙwallo, ya riga ya yi hasara tun bai fara ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ka tambayi zuciyarka da gaskiya: wasan ne ya ƙi tafiya, ko kuwa ta abokinka ce ta fi taka? Manzo Bulus ya koya wa Timoti cewa ibada tare da wadar zuci riba ce babba, kamar yadda yake a 1 Timoti 6:6-8. Kamfanoni suna fito da sabon zubi kusan kowace shekara, kuma aikin talla shi ne ya sa ka raina abin da ke hannunka. Wanda ya ce sai ya kamo na ƙarshe, inuwarsa yake bi.

Abin da za a iya ce mana

Wani zai ce, "Baba, ku ba ku san harkar ba. Ta wasa ne wasunmu suka koyi kwamfuta, yanzu suna haɗa bidiyo, suna zane, suna ci da kansu." Gaskiya ne, kuma muna murna da haka. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, kuma yaron da ya saba da madannai ya fi wanda bai taɓa taɓa su ba natsuwa ran jarrabawa. Shi ya sa ba mu ce kada a taɓa canjawa ba. Idan kwamfutar kayan sana'arka ce, kana haɗa bidiyon biki ko kana da ɗakin wasa da ake biyanka, ka lissafa wata nawa canjin zai mayar da kuɗinsa. In lissafin ya fita, ka saya da zuciya ɗaya.

Akwai kuma wani dalili na gaske. Microsoft ta daina tallafin kyauta ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma galibi tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Mai tsohuwar kwamfuta da yake hulɗar banki ko ajiyar takardun mutane a cikinta ya kamata ya fara shiri. Amma ko a nan, sau da yawa tara kuɗi a sayi wata kwamfutar ta hannu mai ɗan dama ya fi zuba kuɗi a tsohon allo. Wani kuma zai ce gara a saya yau kafin naira ta sake faɗuwa. Babu wanda ya san gobe sai Allah, amma abin da ba ka buƙata ba ya zama araha don kawai zai yi tsada gobe.

Ɗan namu ya yi gwajin. Da aka buɗe akwatin, ƙura ta toshe fanka kamar an yaɓa mata laka, RAM kuma sanda ɗaya ce ta giga 8. Aka hure, aka sa sabon mai, ya sayi sanda ta biyu da kuɗin buga takardu. Wasan bai zama kamar na bidiyon da yake kallo ba, kuma ya gaya mana har yanzu ransa yana biyawa. Amma ya daina sarƙewa, riɗin kuma yana nan a rumbu yana jiran ranar rajista.

Ran Asabar mai zuwa bayan gwajin waƙa, duk mai irin wannan tambaya ya zo da kwamfutarsa ko wayarsa, 'yan'uwanmu masu gyara za su duba tare da ku kyauta. Ku zo da alƙalami da takarda, domin lissafi za mu yi.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu, ƙarami ko babba. Amin.