An Sayar Da Fadama Don A Karanto Ɗorewa

Maganar da wani dattijo ya yi a wajen wata walima a Rogo makon jiya har yau ba ta bar ni na huta ba. Waɗanda suka je sun ji da kunnensu. Yaro ya samu gurbin digiri na biyu a fannin ci gaba mai ɗorewa a wata jami'a ta ƙasar waje, aka tara mu aka ci aka sha, sai dattijon ya miƙe ya ce muddin muna tura irin waɗannan yara, talaucin Ƙaraye da Rogo ya kusa zama labari. Wuri ya ɗauki tafi. Ni hannuna bai motsa ba, domin na san abin da aka sayar kafin kuɗin makaranta da na jirgi su cika. Fadamar kakan yaron ce, wadda take ba gidan rake da tumatir da albasa duk rani tun kafin a haifi ubansa.

Tun da gwamnatin Kano ta sanar da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda a 2023, abin ya zama gasa tsakanin gidaje. Wanda gwamnati ba ta ɗauki ɗansa ba, sai ya ɗauke shi da kansa, ko da gona ko da shanun huɗa. Kuma fannin da ya fi shiga bakin yaranmu yanzu shi ne wannan na ɗorewa, saboda an gaya musu nan ne kuɗin ƙungiyoyin Turawa yake. Za a ce ni maƙiyin ilimi ne. Wanda ya san ni ya san alli ne ya cinye mini ƙuruciya, don haka ba zan tsaya kan wannan ba.

Ina tambaya ɗaya. Yaron da aka haifa a Turawa ko Yammedi, me zai je nema a wata ƙasa game da ɗorewa wanda babu shi a bayan gidansu? Madatsar ruwan Challawa tana nan a ƙasar Ƙaraye, an kammala ta a 1992, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita takwas, tana iya riƙe ruwa sama da mita miliyan 900 a ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi. Duk wata tambaya da malamin ƙasar waje zai rubuta wa yaron a allo, tana kwance a cikin wannan ruwa. Wa aka tasa daga gonarsa don a tare kogin, ina aka kai shi, me ya samu? Ƙasar da ruwan sama ke zaizayowa daga gonakin da ke kewaye tana shiga dam tana cike shi sannu a hankali, wa yake auna ta? Can ƙasa kuma, wajen Haɗejiya da Nguru, tun da aka tare Tiga a 1974 aka ƙara da Challawa, ambaliyar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta canza hali. Ruwan da ake saki da rani ya sa kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki. Mutumin Ƙaraye yana kuka, mutumin Nguru yana kuka, kuma ruwa ɗaya ne ya haɗa su. Wannan kaɗai ya isa mutum goma su yi digiri a kansa, ba su ƙare shi ba.

Amma yaranmu ba sa son wannan. Sun haddace muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun san launin kowane ɗaya a jikin allo, sun san an ce a cim ma su kafin 2030. Ka tambayi ɗayansu lita nawa na fetur injin ban ruwa yake sha kafin a shayar da kadada ɗaya ta tumatir, sai ya tsaya yana kallonka. Ka tambaye shi abin da manomi ya yi a 2016 lokacin da tsutsar sharon ta share tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, bai sani ba, alhali a gonar ubansa aka yi asarar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da za su je koyo a can, daga nan aka ɗauki wani sashensa. Michael Mortimore Baturen Ingila ne, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya dawo Bayero a Kano, ya shafe shekaru yana bin gonakin da ke kewaye da birnin Kano yana neman sanin yadda mutane masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba. Amsar da ya samu duk wani tsoho a Zarewa ya san ta: takin dabbobi da toka da shara a kai gona a kan jaki, a haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, a bar gawo da ɗorawa su tsaya, harawa ta koma wa akuya, kashin akuya ya koma gona. Rubuce-rubucensa ana karanta su a jami'o'in duniya. To mu kuma sai mu sayar da gonar, mu biya dala, a karanta wa ɗanmu labarin kakansa da Turanci. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kuma ba a ce babu inda za a yi karatun a gida ba. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna, wadda Bankin Duniya ya sa cikin zaɓaɓɓun cibiyoyin Afirka, ɗalibai daga wasu ƙasashe suna zuwa su yi digiri na biyu da na uku a cikinta. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922. Daga Rogo, Zariya ba nisa ba ce. Za a ce yajin aiki, za a ce malamai suna riƙe ɗalibi shekara huɗu a kan karatun shekara biyu. Na ji. Shekara biyun da aka ƙara maka za ka iya yin ta kana noman rani a fadamarka. Fadamar da ka sayar kuwa ta tafi ke nan, wanda ya saya ba zai mayar ba ko da ka ninka masa kuɗi.

Bayan walimar na ja yaron gefe, domin ɗan ƙanwata ne. Na ce masa, "Ɗana, in ka gama ina za ka zauna?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, gaskiya Abuja. Can ne aikin yake." Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na dubi dattijon da ke can yana karɓar gaisuwa, na ce a raina da ma ya ji. Wannan takarda ba hanyar dawowa gida ba ce, kowa ya sani, har da masu tafin. Ofis ne mai sanyi a Abuja, da taron bita a otal, da mota mai tambari da za ta zo ƙauye sau ɗaya a shekara a ɗauki hoton mata a bakin rijiya. Na sha ganin irinsu. Sukan zo da takardar tambayoyi, su tara mu a gindin bishiya, su tambaye mu matsalolinmu kamar ba a nan aka yanke musu cibiya ba, su raba lemo su tafi. Rahoton kuwa ko kwafi ɗaya ba a taɓa kawo mana ba.

Wannan kuma tsohon ciwo ne a wurinmu mutanen yammacin Kano. Kullum abin da ke namu sai ya bi hanyar birni. Ruwan Challawa yana gangarawa ya shiga famfunan birnin Kano, yaran ƙauyukan da ke kallon dam ɗin da idonsu suna tura kura da jarkoki. Ana kawo masu yi wa ƙasa hidima sansanin Kusalla, su yi mako uku, a rarraba su, yawancinsu su nufi birni, makarantunmu na ƙauye su ci gaba da neman malamin lissafi. A 2019 aka ce an ba Ƙaraye masarauta mai daraja ta ɗaya, aka yi kiɗa aka yi hawa, aka ce ci gaba ya zo. A 2024 aka rushe, aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomi biyu, Ƙaraye da Rogo. A duk wannan kai da kawo, wa ya zauna ya tambayi manomin rani a bakin dam abin da yake buƙata? A birni ake yankewa, mu sai dai mu ji a rediyo. Yanzu ga shi mun koyi yi wa kanmu: da hannunmu muke tattara yaranmu mafiya ƙwaƙwalwa mu miƙa, har da guzurin gona.

Duk mai kuɗin da ke son taimakon ɗan Ƙaraye ko ɗan Rogo da wannan karatu, ya biya masa, amma ya gindaya masa sharaɗi: binciken a kan Challawa ko Kusalla ko fadamun Rogo za a yi shi, damina ɗaya da rani ɗaya yana cikin gona, kuma in ya gama ya zo ya karanta abin da ya gano da Hausa a gaban manoman da ya yi wa tambayoyi, su gyara masa inda ya yi kuskure. Dagatai da limamai kuma su daina sa hannu a matsayin shaidu a takardar cinikin fadama in dai don kuɗin makaranta ne. Ko jingina ce a yi, ta fi sayarwa.

Jiya na bi ta gefen fadamar. Sabon mai ita, wani ɗan kasuwa daga birni, har ya kafa turaku ya zagaye ta da waya, an fara sauke bulo. Ƙanen yaron, wanda da shi ne ke ban ruwa a wurin, na same shi a tasha yana jiran motar Legas.