AWO KAFIN MAGANI: NASIHA GA JAMA'AR TAFOKI DA KEWAYENTA

 

Ya 'yan uwa masu karatu, duk wanda yake cin kasuwannin yankinmu, daga Tafoki zuwa Sheme, daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, ya san cewa ana cinikin magani a cikinsu kamar yadda ake cinikin goro. Mai ƙwayoyi a faifai yana nan, mai jarka da lasifika yana nan, kuma kowannensu yana da maganin rama, da maganin kasala, da maganin rashin haihuwa, ba tare da ya auna komai a jikin mai saye ba. Abin da muke son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, da yawa daga cikin waɗannan cututtuka sun samo asali ne daga wani tsari mai laushi ƙwarai a cikin jiki, wanda yake tafiya bisa ma'auni. Wanda duk ya taɓa wannan ma'auni da ka, ba tare da awo ba, to ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

YADDA TSARIN YAKE

A cikin jikin mutum akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da suke sarrafa sinadarai su zuba su kai tsaye a cikin jini. Likitocin Larabawa suna kiran waɗannan gaɓoɓi "al-gudadus samma'u", wato rufaffu, domin ba su da bututun da zai fitar da abin da suka sarrafa, jini ne kaɗai hanyarsu. Su kuwa sinadaran ana kiransu homon, sunan da wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da shi a shekarar 1905, bayan shi da abokin aikinsa Bayliss sun gano na farkonsu a 1902. Aikin homon aikin ɗan aike ne: ya tashi daga gaɓa guda, ya bi jini, ya isar da umurni ga wata gaɓa da ke nesa, ita kuma ta aikata.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai fituwitari, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, amma ita ce take ba mafi yawan sauran umurni. A gaban wuya akwai tayirod, mai tsara saurin da jiki yake ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. A bayan tumbi akwai fankiriyas, mai sarrafa insulin. A saman kowace ƙoda akwai wata ƙaramar gaɓa mai fitar da adiranalin da kotisol. Idan mutum ya ji ƙarar bindiga da tsakar dare, zuciyarsa ta buga, bakinsa ya bushe, ya sami ƙarfin gudun da bai san yana da shi ba, to aikin adiranalin ke nan. Haka nan girman yaro, da balaga, da al'adar mata, da naƙuda, da kawowar ruwan nono, duk da irin waɗannan saƙonni suke gudana.

Tsarin ya yi kama da sarautar ƙasarmu. Hakimi yana aika wa dagaci, dagaci ya zartar, sa'an nan rahoto ya koma sama. Idan sinadarin tayirod ya yi ƙaranci a jini, fituwitari sai ta ƙara matsa mata; idan ya wadata sai ta sassauta. Kuma adadin da ake magana a kansa kaɗan ne ƙwarai. Sugan da ke yawo a jinin baligi mai lafiya gaba ɗaya, wato kimanin lita 5 na jini, bai fi cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ragi kaɗan ko ƙari kaɗan yake kwantar da ƙato.

IDAN MA'AUNI YA GAZA

Misali na farko shi ne maƙoƙo. Tayirod ba ta iya aikinta sai da sinadarin aidin, kuma bukatar baligi a rana maikurogiram 150 ce, mai juna biyu kuwa 250, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Idan aidin ya yi ƙaranci, fituwitari sai ta yi ta matsa wa tayirod, ita kuma ta yi ta kumbura don ta cika umurni, har wuya ya fito. Abin da ya fi kumburin muni shi ne wanda ido ba ya gani: ɗan da ke cikin mahaifiyar da ba ta samun aidin yana iya zuwa da raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya gyaruwa. Saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun shekarar 1993. Amma aidin yana raguwa idan aka bar gishiri a buɗe cikin rana da laima, kuma gishirin da ake lasa wa dabbobi ba a yi shi don tukunyar miya ba. Bincike a ƙasar Sudan ya nuna gero yana da abin da ke ƙara wa tayirod nauyi a inda aidin ya yi ƙaranci. Ba muna cewa a bar fura da tuwon gero ba ne. Muna cewa mai cin gero ya fi kowa bukatar gishirin leda mai aidin, a rufaffen mazubi.

Ita tayirod ɗin takan kuma wuce gona da iri. Sai ka ga mace tana ci tana ramewa, hannunta yana rawa, zuciyarta tana bugawa, barci ya ƙaurace mata, idanunta sun firfito, ga saurin fushi. Nan da nan sai a ce iskoki ne ko jifa, a yi ta yawo da ita gidajen bokaye ana yanka kaji, alhali awon jini guda ɗaya zai bayyana cutar, kuma tana da magani sananne.

Misali na biyu ya shafi matan da suka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa. Irin wannan zubar jini yana iya lalata fituwitari, kamar yadda likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Alamarsa ita ce ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, mace ta zauna cikin kasala da jin sanyi shekara da shekaru. Sau nawa ake kiran irin wannan baiwar Allah raguwa, ko a zargi kishiyarta da hannu a ciki? Zalunci biyu ke nan: an bar mara lafiya ba magani, an kuma ɗora wa wadda ba ta ji ba ta gani ba laifi.

Misali na uku shi ne ciwon suga. Insulin shi ne mabuɗin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. Idan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina amsa masa, sai suga ya taru a jini, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Cuta ce tsohuwa, domin Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya siffanta ta a littafinsa Al-Ƙanun. Amma sai a 1921 ne Banting da Best suka tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a Janairun 1922. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da shi a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Yawan ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, duk dalilai ne na zuwa awo. Idan aka auna mutum da safe kafin ya ci komai aka sami 126 ko fiye, aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon ya tabbata.

IDAN MUKA ƘARA DA HANNUNMU

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi tayar da hankali, domin da kuɗinmu muke sayen sa. Ƙwayoyin da 'yan mata da amare suke sha don su yi ƙiba, waɗanda aka fi sani da "sha ka fashe", galibi akwai deksametason a cikinsu. Wannan magani kwaikwayon kotisol ne, kuma ya fi shi ƙarfi kusan sau 25. A hannun likita yana ceton rai. A hannun mai faifai kuwa, abin da yake kawowa kumburin fuska ne da tumbi, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage, ƙashi ya yi rauni, hawan jini da ciwon suga su biyo baya. Sa'an nan ga tarko: da zarar fituwitari ta ga jini cike da wannan baƙon sinadari, sai ta ɗauka rumbu ya cika, ta daina aika umurni, gaɓar saman ƙoda ta kwanta barci. Ranar da yarinya ta daina sha kwatsam, jikinta ba shi da nasa kotisol, jininta yana iya faɗuwa har ta rasa rai. Don haka wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke da kanta, ta je likita ya rage mata sannu a hankali. Wasu mayukan sauya launin fata ma suna ɗauke da dangin wannan sinadari, kuma fata tana tsotse shi zuwa jini. A nan laifin iyaye da mazaje ba ƙarami ba ne, domin gorin rama da suke yi wa 'ya'yansu da matansu shi ne yake tura su wurin mai ƙwaya.

Haka nan allurar naƙuda, wato oksitosin. Ita ce babbar garkuwa daga zubar jini bayan haihuwa idan ƙwararriyar ungozoma ta yi ta a lokacinta. Amma idan aka danna wa mace ita a ɗaki don a gaggauta haihuwa, alhali ɗa bai daidaita ba ko ƙugu ya yi masa kaɗan, mahaifa tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. Magani ɗaya ne, bambancin kawai adadi da lokaci da ilimin mai bayarwa.

AMSA GA MASU UZURI

Wani zai ce asibiti ya yi nisa, kuɗi babu, hanya kuma ba kullum take da aminci ba. Wannan magana gaskiya ce. Wanda ya san abin da ya sami Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantarsu, da abin da ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka sha a hannun 'yan bindiga, ba zai raina wannan uzuri ba. Amma a yi lissafi da adalci. Awon suga ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin ƙasa da minti guda. Abin da ake kashewa a jarkoki da layu cikin shekara ya isa kuɗin mota zuwa babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara, har zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya idan an tura mutum can. Kuma kuɗin yanke ƙafa ko wankin ƙoda ya ninka wannan sau da yawa.

Wani kuma zai ce shi ya dogara ga Allah, addu'a ta ishe shi. Muna cewa addu'a da ruƙya ta shari'a gaskiya ne, amma Sunna ta tabbata a kan neman magani, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mai ciwon suga da ya dage sai ya yi azumi alhali likita amintacce ya hana shi, ya sani cewa Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta zartar cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, sa'an nan ta yi zama a Sharja a 2009 ta fayyace hukuncin masu ciwon suga daki-daki. Likitoci kuma sun yi ittifaƙi cewa mai azumin da sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya buɗe baki nan take.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na farko, magidanci ya duba gishirin gidansa yau ɗin nan. Na biyu, duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da mai ciwon suga a danginsa, ya riƙa awo lokaci zuwa lokaci ko da yana jin garau. Na uku, mai juna biyu ta je awon ciki, kuma kada a bari kowa ya yi mata allurar naƙuda a gida. Na huɗu, mai amfani da insulin inda babu wutar lantarki ya nisantar da shi daga rana da zafi, ya ajiye shi a rufe cikin sanyin randa, ya kuma tambayi ma'aikacin lafiya tsawon kwanakin da kwalbar da aka buɗe take yi. Na biyar, kwamitocin masallatai da 'yan agaji su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon suga da ta hawan jini, su gayyato ma'aikacin lafiya ya riƙa auna jama'a ko da sau ɗaya a wata. Malaman Islamiyya na mata kuma su yi wa ɗalibansu bayanin haɗarin "sha ka fashe" ƙarara, ba da habaici ba. Su kuwa masu sayar da ƙwayoyi, su ji tsoron Allah, su sani cewa ribar da aka samu da lafiyar 'yar wani ba ta da albarka.

Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu a kansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa mu dace.