Wasiƙa Zuwa Ga Masu Wankin Kafet Da Gyaran Kujeru

'Ya'yana da ƙannena,

Na ga ƙoƙarinku kuma ba zan ɓoye shi ba. Kun riƙe sana'a, kun sayi injinan zuƙe ƙura da na feshin ruwa waɗanda mu ba mu san su ba a ƙuruciyarmu, kuna shiga gidajen mutane ku fito ba a ce ko allura ta ɓata ba. Allah ya yi muku albarka. Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda kuke yi da tabon jan farce. 'Yar kwalba ce za ta kife a kan kafet ko hannun kujera, ko murfinta ya kwance a cikin jaka, sai a kira ɗayanku. Shi kuwa tun bai durƙusa ya duba ba ya riga ya buɗe galan ɗin tina, ko ruwan goge farce mai asiton, ya kwarara, ya hau dirza da soso. A 'yan watannin nan ana ta kawo min kujeru da jakunkuna da tumtum da aka yi wa wannan aika-aika, wai in ceto su. Ɗigon da bai fi ƙwayar gyaɗa ba ya koma farin tabo mai faɗin tafin hannu, fatar ta bushe ƙamas. Me zan ceto a nan?

Da kun tsaya kun tambayi mene ne jan farcen, da ba ku yi haka ba. Fenti ne. Ana narka wani sinadari da ake kira naitiroselulos a cikin ruwa mai saurin tashi, a haɗa da launi da ƙaro. Idan aka shafa, ruwan ya tashi ya bar siririn ɓawo. Wannan ɓawon ne malamai ke cewa yana hana ruwan alwala kaiwa ga farce, abin da lalle ba ya yi. Lalle rini ne, shiga jikin fata da ulu yake yi. Jan farce kuwa zama yake a sama, kuma muddin yana sama aikin mai sauƙi ne. Ranar da ka kwarara masa tina, ka mayar da shi ruwa, ka bi shi da soso, kai ne da hannunka ka cusa shi inda bai kai ba.

Sannan tina da asiton ba su san jan farce daban, kujera daban ba. Yawancin fatar kujerun falo da na mota an rufe ta da launi, an bi samansa da siririn kariya. Abin da ya narka jan farce zai narka wannan rufin, ya kwashe launin, ya zarce ya tsotse man da aka ciyar da fatar da shi a wurin jima. Bari hunturu ya kama ka ga yadda wurin zai tsattsage. In kuwa kujerar ta leda ce, kamar mafi yawan waɗanda ake jera wa amare yanzu, sai ta yi laushi, ta yi danƙo, bayan ɗan lokaci ta fara ɓarewa. Fatarmu ta gargajiya, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ba ta da rufin ma. Duk abin da ka zuba mata shanyewa take, kuma ba ta mayarwa.

Maigidana da ya koya min dukanci, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa kayan mutum sai ya juya shi, ya shinshina, ya nemi lungun da ido ba ya kaiwa ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya. Idan ruwan ya tsaya ya dunƙule, fatar tana da rufi. Idan ya nutse wurin ya yi duhu, to a yi hattara da ita. Wannan gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma ba ya cin ko kwabo. Tsofaffin dukawa sun san cewa danshi da ƙarfe idan suka haɗu a kan fatar bagaruwa baƙi take yi, domin da ƙarfe ake haɗa kuloko, baƙin da suke zane da shi. Saboda haka ba za ka ga ɗayansu ya kankare jiƙaƙƙiyar fata da tsatsattsiyar wuƙa ba. Ku kuwa reza kuke sawa. Tsofaffin dukawan nan su ne suka sarrafa fatar jar akuyar Sakkwato har ayari ya riƙa haye Sahara da ita, Turawa suka saye ta suna kiran ta fatar Maroko. Kasuwar Kurmi ta nan Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma fata na cikin abin da ya kai sunanta nesa. A garin da ya gaji wannan ne yau ake zuba wa jaka fetur. Wallahi abin yana min ciwo.

To ga yadda ake yi, tunda wasu za su ce tsoho ya iya faɗa bai iya nuni ba. In jan farcen bai bushe ba, a kwashe shi da cokali, daga gefe zuwa tsakiya, sannan a ɗora farin tsumma a danna a ɗaga, a canza wuri mai tsabta a sake dannawa. Fari nake cewa, domin tsumma mai launi zuba yake idan ya ji sinadari. A kan fata mai rufi, sau da yawa haƙuri ya fi: a bar shi ya bushe sarai, a tanƙwara wurin a hankali, a murza da yatsa, sai ka ga ɓawon yana tashi da kansa. Abin da ya rage a taɓa shi da tsinken auduga da aka ɗan jiƙa da sipirit, bayan an gwada a ɓoye, kuma a kan tabon kaɗai, ba a kewayensa ba. Da zarar launin kujerar ya bayyana a jikin audugar, a tsaya. Daga nan a goge da ɗan ruwa, a bari ya sha iska a inuwa, a shafa man fata. Fata mai gashi-gashi irin ta wasu takalma, da fatar da ba ta da rufi, ka gaya wa mai ita gaskiya cewa aikin baduku ne, ka tura shi can.

Kafet ma haka. A bar tabon ya bushe in ya riga ya fara, a kankare da gefen cokali, a zuƙe ɓarɓashin da inji. Sinadari a jikin tsumma ake sa shi, ba a jikin kafet ba, domin in ya gangara ƙasa yana cin danƙon da ya riƙe zaren, sai wurin ya fara zubewa. Akwai zaren da ake kira asitet wanda asiton ke narkarwa ɗungurungum, shi ya sa gwaji a bayan ƙofa ko ƙarƙashin kujera ya zama dole. Bilic kuwa yana cinye ulu, yana kashe launi, kada ya kusanci darduma mai tsada. A ƙarshe a bi wurin da ruwa da ɗigon sabulu, a danne da busasshen tsumma. Idan kafet ɗin mai dogon gashi ne kuma kan zaren kawai ya taɓu, ɗan almakashi ya isa.

Amma dirza! Na rasa wanda ya koya muku cewa ƙarfin damtse shi ne wanki. Burushi yana warware murɗin zare, wurin ya yi buzu-buzu, ko tabon ya fita idon mai ɗaki ba zai daina ganin wurin ba. Kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne abin da ke biyo bayan ɓarnar. Yaro ya ga launi ya tashi, sai ya ɗauko man goge takalmi ya shafe wurin, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Gobe baƙo ya zauna da farar shadda ya tashi da ita baƙa. Wannan ba kuskure ba ne, ha'inci ne. Ka san yadda uban yarinya ya haɗa kuɗin kujerun nan? Wani gona ya sayar, wani bashi ya ci. Wanda ba zai iya buɗe baki ya ce "Hajiya, wannan ya fi ƙarfina" ba, bai kamata a bar shi ya tsallaka ƙofar ɗakin kowa ba.

Ku kuma ji tsoron wuta. Asiton yana tafasa ne a digiri 56 kacal, ga zafin bazararmu da ke haura 40. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, kuma ɗakunan matanmu ba sa rabuwa da kaskon turaren wuta. A fitar da kasko, a buɗe taga, a rufe kwalba da zarar an ɗiba. Fetur kuwa ba kayan wanki ba ne ko kaɗan.

Ku yi min afuwa in harshena ya yi kaifi, 'ya'yana. Na san ba mugunta ba ce, yawancinku ba ku sami wanda ya zaunar da ku ba, kuma mai kaya yana tsaye a kanku yana son tabon ya ɓace yanzu-yanzu. Wanda ke da hali a cikinku, akwai cibiyar nazarin fata da ke Samaru a Zariya, ana koyar da ilimin jima da sinadaransa a can. Wanda ba shi da hali, ya je wurin dukawan garinsu ya roƙi ragowar yankakkiyar fata, ya je wurin masu kujera ya karɓo guntayen leda da kafet, ya ɗiga musu jan farce a shagonsa ya yi ta gwadawa kafin a kira shi gidan wani.

Ku gaishe min da iyayen gidanku. Wassalam.

Naku,
wani tsohon baduku, Kano.