Sharhi: Tsutsar ciki na ƙara wa masu ciwon hanta nauyi a Maiduguri

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama na Maiduguri, har ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Shaddodi suka cika suka tumbatsa, bayan gida ya gauraya da ruwan rijiyoyi, kuma cikin Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Kwalara kan bayyana cikin 'yan kwanaki, shi ya sa aka yi mata rubdugu. Amma irin wannan gurɓataccen ruwa yana ɗauke da tsutsotsi da ƙananan halittun da ke zama a hanji watanni ko shekaru ba a sani ba, kuma masu daɗaɗɗen ciwon hanta na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Hantar da ta ƙandare ba ta iya tace ƙwayoyin cutar da ke tasowa daga hanji yadda ya kamata, garkuwar jiki kuma ta yi rauni. Gudawar da mai lafiya zai warke daga ita cikin kwana uku tana iya jefa irin wannan majiyyaci cikin ruɗewa ko gazawar ƙoda. Tsutsar da ke shan jini a hanji kuwa tana ƙara ƙarancin jini ga wanda dama ba shi da wadatarsa.

Mafi muni ita ce tsargiyar hanji, 'yar'uwar tsargiyar fitsarin jini da aka fi sani. Ana ɗaukar ta ta fata yayin wanka, wanki ko kamun kifi a ruwan da ke da katantanwa. Ƙwayayenta kan maƙale a jijiyoyin hanta su toshe su, saifa ta kumbura, daga baya mutum ya fara aman jini. Idan ta haɗu da nau'in B ko C, lalacewar hanta kan fi tsanani. A jihar da masunta da manoman rani ke yini a ruwa daga Alau zuwa Tafkin Chadi, bai kamata likita ya tsaya ga gwajin jini kaɗai ba.

Giɓin yana cikin tsari. Rabon maganin tsutsa na gwamnati ya fi karkata ga yara 'yan makaranta, asibitocin masu ciwon hanta kuma sun fi mayar da hankali kan gwajin ƙwayar cuta da hoton ciki, masu tsada. Gwajin bayan gida, wanda madubin likita kawai yake buƙata, shi ne aka fi mantawa da shi. Majiyyaci sai ya nufi kemis ya sayi albendazole ko praziquantel da kansa, alhali hanta ce ke sarrafa magungunan biyu, kuma idan ta yi rauni sai likita ya auna abin da za ta iya ɗauka.

Ma'aikatar Lafiya ta Borno na iya sanya gwajin bayan gida cikin gwaje-gwajen farko ga duk wanda aka tabbatar yana da ciwon hanta, a maimaita shi bayan kowace damina, musamman ga mazauna Gwange da sauran unguwannin bakin Kogin Ngadda.