Doki Ba Na Hawan Sallah Kaɗai Ba Ne



Mu nan Kwatano, da an ce doki sai mu tuna hawan Gani na Nikki, da kwalliya da kakaki. Amma a Senegal, wajen Kaolack, doki ke jan injin shukar gyaɗa, ya kuma kai kaya kasuwa. Ni a ganina wannan daraja ce gare shi.

Wani zai ce ai yanzu zamanin tarakta ne. To ƙaramin manomi ina ya ga kuɗin haya da na mai? Dabba kuwa harawa da dusa take ci, ta bar maka taki a turke.

Wahala dai akwai ta. Nan kudu ƙudan tsando na sa wa doki sammore. Ko a arewa, kamar Banikoara, shanu ne ke huɗar auduga. Kuma dabba amana ce: mai miki a baya ba a ɗaura mata garma.

Saboda haka samari, mu daina raina mai garma. Hatsin da muke awo a kasuwa, ba babur ya noma shi ba.

Allah ya sa mu dace.